Ba Kullum Mai Ɗaki Ke Sanin Inda Yake Yoyo Ba

Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na daɗe ina kafa hujja da karin maganar nan a gaban ɗalibai, ban kuma taɓa zaton akwai ƙasar da za ta sa in yi mata kallo na biyu ba, sai da Allah Ya kai ni birnin Miniyafolis na Jihar Minisota da ke arewacin Amurka, inda na yi zaman bincike na shekara guda. Zaman nawa ya faɗo cikin sanyin farkon shekarar 2019, wanda su kansu 'yan garin ba su manta da shi ba. A ƙarshen watan Janairu sanyi ya kai digiri 33 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas, sannan a watan Fabrairu kaɗai dusar ƙanƙarar da ta zuba ta kusan kai mita guda, abin da ba a taɓa gani ba a wani watan Fabrairu tun da aka fara ajiye lissafi a birnin.

Saman wani tsohon gidan katako na kama haya. Wata safiya na fito na ga ƙanƙara ta yi dogayen tsinaye tana reto a bakin rufin gidan, wasu sun fi tsawon hannuna, rana ta haske su suna ta ƙyalli. Na tsaya ina ɗaukar hoto domin in aika wa mutanen gida su ga ikon Allah. Wani dattijo maƙwabcina, tsohon kafinta da ya ajiye aiki, ya daina kwasar ƙanƙarar ƙofar gidansa, ya dube ni ya ce, “Ɗana, wannan abin da kake wa hoto ba ado ba ne, gidanku ne ke kuka.” Na yi dariya don na ɗauka barkwanci ne irin na tsofaffi. Ba a yi mako uku ba sai ga wani tabo ruwan ƙasa ya bayyana a silin ɗin ɗakin kwanana, daidai saman inda na jera littattafaina, fentin bango kuma ya kumbura kamar wanda wuta ta ƙona. Da mai gyara ya zo, sai na nuna masa wurin da ƙarfin zuciyar mai ɗaki, na ce rufin ya huje a nan. Ya hau ya duba, ya sauko ya ce babu ko ramin allura.

To, daga ina ruwan ya shigo? Amsar ita ce dalilin wannan rubutu, domin 'yan'uwanmu da 'ya'yanmu da yawa, likitoci da ma'aikatan jinya da malamai da ɗalibai, suna zaune a Kanada da arewacin Amurka da ƙasashen Turai, wasu na haya, wasu sun ci bashin banki na shekaru ashirin ko talatin sun sayi gida. Mafi yawanmu mun tashi ne da sanin cewa abokan gābar rufi su ne ruwan damina da guguwa da gara. Hunturunmu busasshe ne, leɓe yake fasawa da kaushi, ba ruwansa da rufi. Hatta harshenmu ya nuna haka: kalma ɗaya ce, wato ƙanƙara, muke amfani da ita ga wadda ke faɗowa da ruwan sama, da wadda ake sayarwa da azumi, da wadda ke daskarewa a kan tafki, sannan muka ara wa mai laushin nan sunan dusa. Wanda harshensa bai rarrabe abu ba, ba lallai idonsa ya yi saurin rarrabe shi ba.

Ga yadda dattijon ya warware mini zancen. Gidajensu ana ɗumama su dare da rana, zafi kuwa sama yake yi. Idan abin tare zafin da ake shimfiɗawa a saman silin bai wadatu ba, ko akwai kafofi a kewayen fitilu da bututu, sai ɗumin ɗaki ya haura ya ɗumama tsakiyar rufi. Dusar ƙanƙarar da ke kwance a wurin sai ta narke daga ƙasa, ruwan ya gangaro. Amma bakin rufi, wato ɓangaren da ya zarce bango ya leƙo waje, ba ya samun wannan ɗumi, don haka da ruwan ya iso nan sai ya sake daskarewa. Yau kaɗan, gobe kaɗan, har ya zama wani tudu mai kauri a tsawon bakin rufin, wanda zan kira madatsar ƙanƙara. Ruwan da ke biyowa baya ba shi da hanyar wucewa, sai ya taru. Shi kuwa rufin yawancin gidajen can da fale-falen kwalta ake yin sa, wani a kan wani kamar ɓawon kifi, an tsara su ne don ruwa mai gangarowa, ba don ruwa mai kwanciya ba. Saboda haka sai ruwan ya koma da baya, ya kutsa ƙarƙashinsu, ya bi katako ya yi tafiyarsa, ya je ya ɓullo a inda ya ga dama. Inda yake ɗiga daban, inda ya shigo daban.

Alamar farko ke nan, kuma daga bakin titi ake ganinta. Ƙananan tsinayen ƙanƙara ba abin tayar da hankali ba ne, rana ma kan jawo su. Amma idan suka yi kauri, aka ga tudun ƙanƙara a bayansu ya cika magudanar ruwan rufin, ko aka ga ƙanƙara na bin jikin bango, ko tana fitowa ta ƙarƙashin bakin rufi, musamman idan launinta ya yi ruwan shayi, to ruwa ya riga ya ratsa katakon gidan. Dattijon ya ƙara mini da wata dabara mai sauƙi: bayan an yi zubar dusa, ka dubi rufinka ka dubi na maƙwabta. Idan nasu fari fat ne, naka kuwa ya yi dabbare-dabbare, wani wuri ya narke wani bai narke ba, to gidanka na zubar da zafi, kuɗin gas ɗinka na tafiya a iska, madatsa kuma na nan tafe.

Alama ta biyu a cikin ɗaki take: tabo a silin, musamman kusa da bangon waje, fenti mai kumbura ko ɓarewa, danshi a saman taga, da warin fumfuna. Ta uku kuwa sai an ɗauki tocila an leƙa sararin da ke tsakanin silin da rufi. Idan aka ga farin raɓa ya daskare a kan tsinin ƙusoshi ko a jikin katako, to tururin girki da na wanka ne ke haurawa yana daskarewa, kuma ranar da gari ya ɗan yi ɗumi zai narke ya zubo kamar an yi ruwa a cikin gida. Baƙin tabo a katako, tsatsa a ƙusa, da jiƙaƙƙen abin tare zafi, duk labari ɗaya suke bayarwa.

Waɗannan duka asarar dukiya ce. Akwai wadda ta fi su, wato nauyi, domin ita rai take ɗauka. Wanda ya damƙi sabuwar dusar ƙanƙara zai ji ta kamar auduga, amma idan ta kwana biyu ta danne, ko ruwan sama ya sauka a kanta, sai ta zama wani abu daban. Mita guda ta kowace fuska na sabuwar dusa bai cika wuce kilo 100 ba, na wadda ta danne yakan kai kilo 300 ko fiye, na tsantsar ƙanƙara kuwa ya haura kilo 900. Mu yi lissafi irin na 'yan kasuwa: rufi mai faɗin murabba'in mita 100, da dannanniyar dusa mai kaurin rabin mita a kansa, yana ɗauke da tan 15, wato buhun siminti 300. Ana gina gidajen can da sanin wannan nauyi, amma da sharaɗin katakon na da lafiya. Alamun gajiyarsa su ne ƙofar ɗaki da ta saba rufuwa lafiya ta fara cijewa, sabuwar tsaga ta bayyana a bango ko a silin, silin ya yi ciki, doron rufi ya lanƙwasa idan an hango shi daga nesa, ko a riƙa jin ƙara kamar ana karya itace. Wanda ya ga haka ya kwashe iyalinsa ya fita tukuna, sannan ya nemi masana.

Tarihi ya isa shaida. Ranar 2 ga Janairun 2006 rufin wani zauren wasan zamiya a kan ƙanƙara ya rufta a garin Bad Reichenhall na kudancin Jamus, mutum 15 suka mutu, mafi yawansu yara. Abin lura shi ne, bincike ya nuna dusar da ke kan rufin ba ta wuce abin da ya kamata ginin ya ɗauka ba. Danshi ne ya shafe shekaru yana cin gam ɗin da ya riƙe manyan katakan, ga kuma kurakurai tun daga gini. Ba a rufa wata guda ba, ranar 28 ga watan, rufin wani zauren baje koli ya faɗo a yankin Katowice na ƙasar Folan ana tsakiyar bikin nunin tantabaru, mutum 65 suka rasa rayukansu. A Miniyafolis ɗin ma, ranar 12 ga Disamban 2010, rufin babban filin wasan Metrodome, wanda iska ke riƙe da shi kamar balan-balan, ya yage bayan zubar dusa mai kaurin kusan santimita 43, Allah Ya taƙaita babu 'yan kallo a ciki. Darasin Jamus shi ya fi tsaya mini a rai: ƙanƙara ta ƙarasa ne kawai, danshin da ba a kula da shi ba shi ya yi aikin.

Akwai kuma haɗarin da ba a gani. Dusa ko ƙanƙara kan toshe bututun da ke fitar da hayaƙin na'urar ɗumama gida, sai iskar guba marar launi marar wari ta koma cikin ɗaki. Irin iskar nan ce da ke kashe iyali guda a nan gida idan aka kwana da janareta a rufaffen wuri. Don haka duba bakin bututun bayan kowace zuba, da tabbatar da cewa na'urar gargaɗi na aiki, ba abin wasa ba ne.

Idan sanyi ya wuce, sai a yi zagaye na biyu. Ruwa idan ya daskare yakan ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100, don haka duk 'yar tsagar da ya shiga da rana, da dare sai ya buɗa ta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, amma a can ruwan da kansa ne ke tsaga bangon. A duba fale-falen da suka ɓace, ko suka tsage, ko suka naɗe baki. A duba ko tsakuwoyin da ke jikinsu sun taru a magudana. A duba magudanar ko nauyi ya janye ta daga bango. A duba faifan ƙarfen da ke kewaye da bututun hayaƙi ko ya ɗaga. Duk wannan daga ƙasa ake yi, da ido ko da madubin hangen nesa.

Na tambayi dattijon, “Baba, me zai hana in hau da gatari in farfasa ta?” Ya ce, “Sai ka fasa rufin, in ma ba ka fasa ƙugunka ba.” Tsani a kan ƙanƙara ajali ne. Abin da suke yi shi ne, su tsaya a ƙasa da wata irin manjagara mai dogon mariƙi su janyo dusar da ke kusa da bakin rufi, suna kaffa-kaffa da wayoyin lantarki. Idan madatsa ta riga ta kafu, akwai masu sana'ar narkar da ita da tururi. Gishirin da ake watsawa a titi kuwa yana lalata ƙarfe da shuke-shuke. Amma duk wannan maganin ciwon kai ne. Maganin cutar shi ne toshe kafofin da ɗumi ke bi, da ƙara abin tare zafi, da barin iskar waje ta riƙa ratsa saman silin, domin rufin ya zauna da sanyi ɗaya daga sama har ƙasa. Ɗan haya kuma ya ɗauki hoto, ya sanar da mai gida a rubuce tun ranar farko. Mai gida ya karanta takardar inshorarsa tun kafin buƙata ta taso. Ni da na yi jinkiri, ƙamus biyu na rasa da wasu takardun da na shekara ina tarawa.

Da na dawo gida na ba wani tsohon magini wannan labari, sai ya yi murmushi ya ce ai ba sabon abu ba ne. Iyayenmu ba sa jiran ruwan farko kafin su hau soro. Tun bazara suke bin rufi suna neman tsaga, su yi yaɓe, su gyara indararo. Na yarda da shi, na kuma gane cewa karin maganar tamu ba ta yi ƙarya ba, ni ne na yi mata gajeren fahimta. Mai ɗakin da ake nufi shi ne wanda ke zagaya ɗakinsa yana dubawa, ba wanda ke kwance a ciki sai ɗigo ya tashe shi ba.

Saboda haka, mai karatu, idan ɗanka ko ƙanenka da ke ƙasar sanyi ya aiko maka hoton gidansa da tsinayen ƙanƙara suna reto, ka yaba kyan hoton, sannan ka ce masa ya ɗaga kai ya dubi silin. Allah Ya tsare mu da namu, na gida da na nesa.