Buta ta faɗi, aka ce iska ce

Wata Talata da asuba maƙwabcinmu, dattijo mai sayar da hatsi, yana alwala a ƙofar masallaci sai buta ta suɓuce masa daga hannun dama. Ya sunkuya zai ɗauka, hannun ya ƙi. Liman ya ce, "Alhaji, lafiya?" Ya buɗe baki zai amsa, magana ta sarƙe, baki ya karkace, yawu na dalala. Aka kwashe shi sai gida.

Kafin hantsi ɗakin ya cika da masana. Wannan ta ce iska ce ta buge shi, don kullum ta gindin tsamiyar nan yake bi da duhu. Wancan ya ce jifa ne daga abokan kasuwa. Aka kawo garwashi aka turnuƙe shi da hayaƙi, aka mulke shi da man zaitun, aka tallabo kansa ana ɗura masa rubutu yana ƙwarewa. Babban ɗansa, wanda ya yi boko har jami'a, ya ruga kemis ya sayo asfirin. Sai ranar Juma'a, da zazzaɓi ya rufe shi numfashi ya yi nauyi, aka tuna akwai asibiti.

Ni ban hana kowa addu'a ba. Amma tofin da aka yi a ɗaki, ai ana iya yin sa a cikin motar da za ta kai shi asibiti.

Hannun da ake ta murzawa lafiyarsa lau, mai ba shi umarni ne ya samu matsala. Duk motsin da mutum ke yi, daga ƙifta ido zuwa ɗaga buta, saƙo ne ke fitowa daga ƙwaƙwalwa ya bi laka da jijiyoyi ya isa ga tsoka. A can ƙasa, inda ƙwaƙwalwa ke haɗuwa da laka, akasarin hanyoyin nan suna gittawa: ɓangaren hagu ke juya daman jiki, na dama ke juya hagu. A wurin yawancin mutane, cibiyar magana ma a hagun take, abin da likitan Faransa Paul Broca ya fara bankaɗowa a 1861. Shi ya sa hannun dama da harshen Alhaji suka tafi tare. Ita kuwa ƙwaƙwalwa, nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba, amma tana cin kusan kashi 20 na iskar da jini ke ɗaukowa, kuma ba ta da rumbun ajiya. Jini ya yanke mata 'yan mintuna, ƙwayoyinta su fara mutuwa.

Ta hanya biyu jinin ke yankewa: ko gudan jini ya toshe jijiya, ko jijiyar ta fashe jini ya malala. A ido kamanninsu ɗaya, ko likita ba ya rantsewa sai ya leƙa ciki. Na'urar leƙawar kuwa, wadda ake kira siti sikan, ba sabuwa ba ce. Tun 1971 aka fara ɗaukar hoton kan majinyaci da ita a Landan, kuma cikin mintuna take nuna ko akwai zubar jini. In toshewa ce, akwai allurar da ke narkar da gudan, amma galibi sai cikin awa huɗu da rabi na farko ake yin ta. In fashewa ce, wannan allurar kisa ce, asfirin ɗin ɗan boko kuma ƙara ɓarna zai yi. Na san ba kowane asibiti ke da na'urar ba, na san kuɗin hoton ba wasa ba ne. To, dalili ke nan da za a nufi babban asibiti kai tsaye, a daina yawon kemis. A duba agogon waya a riƙe lokacin da abin ya fara, don shi likita zai soma tambaya. A kwantar da mutum ta gefe. Kada a ba shi komai ta baki, ko ruwa, domin irin wannan ciwon yakan taɓa maƙogwaro, abin da aka ɗura ya zarce huhu. Zazzaɓin ranar Juma'a daga nan ya samo asali.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne labarin da uwargidansa ta bayar daga baya. Shekara biyu ke nan da aka gaya masa yana da hawan jini. Ya sha magani wata guda, ya ce ya ji garau, ya jefa sauran a kan kwaba. Mako biyu kafin faɗuwar, hannun nan ya taɓa mutuwa na kamar minti goma ya dawo, aka ce kwanciya ya yi a kansa. Gargaɗi ne ƙwaƙwalwa ta aiko, aka yi biris.

Wannan ɗabi'ar ta barin magani ta zama ruwan dare. Hawan jini ba masassara ba ne da za ka ji ta tafi. Sau da yawa ba ya ciwon kai, ba ya jiri, yana can yana cin jijiyoyi shiru kamar gara a azara. Garau ɗin da ka ji, aikin ƙwayar ce, ka daina ya koma inda yake. Kuma ga na'urar awo mai batir, wadda ko jikarka 'yar firamare za ta iya ɗaura maka a dantse, kuɗinta bai kai na wayar da ke aljihun yawancinmu ba. Gida mai wayoyi shida, babu ko ɗaya ta awo! A zauna a huta minti biyar, a jingina baya, a ɗora hannu daidai ƙirji, a auna, a rubuta lambar da kwanan wata. In tana yawan kai 140 bisa 90 ko ta haura, a kai wa likita takardar, kada a ari ƙwayar maƙwabci don wai ta yi masa aiki. Mata kuma a sassauta hannu: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babba a yini kada ya kai giram 5, wato ƙaramin cokali bai cika ba, har da wanda ke cikin dunƙulen miya da yaji.

Alhaji ya rayu, Allah ya yi da sauran kwana. Sau biyu a mako ana kai shi wurin masu gashin ƙashi, suna sa shi damƙe ƙwallo da taka sanduna, saboda ƙwaƙwalwa kan koya wa sassan da suka tsira aikin waɗanda suka mutu, in an dage da maimaici tun da wuri. Yanzu yana jan carbi da dama, a hankali, buta dai har yau sai da hagu. An sayi na'urar awon. 'Yar autarsa ce ke ɗaura masa kullum bayan la'asar, tana rubuta lambobin a bayan littafin bashin hatsi.