Zakaran Tasoshi: Daga Tsakar Gidajen Umdurman

Yau shirin namu ya ƙetare Kogin Nilu, daga Hartum zuwa Umdurman, kuma ba zancen yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ne ya kai mu ba. Zakara ne ya kai mu.

Mutanen Sudan na da wata magana da tun ranar da na ji ta nake murmushi: dikul idda, wato zakaran tasoshi. Uwargida ce ta wanke kwanuka da 'yan kofunan shayi na gilashi, ta jera a tsakar gida su sha iska, sai ga zakara ya yi tsalle ya ɗare kansu. In ta jefe shi, ta fasa kayanta da hannunta. In ta daka masa tsawa, ya zabura ya watsar da su. In ta ƙyale shi, ya ɓata mata wanki. To, yaya za ta yi? Da sunan nan suke kiran mutumin da ya zame alaƙaƙai, musamman a siyasa: a taɓa shi ɓarna, a bar shi ɓarna. Akwai kuma zakaran Masallamiyya, wani gari a yankin Jazira, wanda albasar miyarsa na kan wuta, shi kuwa yana ta cara abinsa. Ku riƙe wannan na biyun, za mu dawo kansa.

Hausawa dai ba baƙi ba ne a Sudan. Hanyar aikin Hajji ta kai wasu, wasu kuma sun bi Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903. Kajin gidan da ake kiwo a can, baladi ake ce musu, ba su da maraba da namu.

To, mafaɗacin zakara fa? Ba ya tashi da faɗa tun yana ɗan tsako. Sai ya kai wata biyar zuwa shida, ya fara cara, ya ɗauki tsakar gida mallakinsa, kai mai watsa masa dawa ka zama abokin gaba. Kuma yana ba da alama. Zai sauke fiffike ɗaya, ya riƙa zagayo ka a kaikaice, gashin wuya a tashe. Fiffike a ƙasa, gashin wuya a tashe: in ka ga haka, tsalle ne ke tafe.

Kada ka gudu, gudu na ƙara masa ƙarfin gwiwa. Kada kuma ka kai masa shuri, don a wurinsa ka amsa gayyatar dambe ke nan. Ka tsaya cik, ka tare shi da faifai ko murfin tukunya. Masu kiwo kan ce a cafke shi, a danne fukafukan a hammata, a yi ta zagaya gida da shi har ya yi laushi. Wani zakaran ya ji, wani kuwa gobe ya sake. Ni dai ban cika yarda da dabarar nan ba a gidan da ke da yara, domin tsallen zakara daidai idon ɗan shekara biyu yake kaiwa, ga ƙahon nan mai tsini a bayan ƙafarsa.

A duba lissafi kuma: zakara ɗaya ya ishi kaji kamar goma. In zakaru sun yi yawa a akurki, dole a yi faɗa.

Ana nuna min agogo, bari in taƙaita. Zakaran da ya ƙi shiryuwa, kada a bar shi ya yi iri, kuma sabo da kaza ba ya hana yanka. A titunan Hartum da Umdurman ana sayar da agashe, tsiren da Hausawa suka kai ƙasar har sunan ya zauna a bakin Larabawa, kuma har na kaza ana yi. Can zakaran Masallamiyya yake ƙarewa.

Iyaye mata, in zakara ya yagi yaro, a wanke ciwon da ruwa da sabulu nan take. In ya yi zurfi ko yana kusa da ido, a nufi asibiti.