Idan Saƙo Ya Maƙale Tsakanin Sabar Biyu a Mastodon

Ranar da Facebook ya tsaya, duniya duka take kuka tare, domin kamfani ɗaya ke riƙe da komai. Mastodon, wanda Bajamushe Eugen Rochko ya fitar a 2016, tsarinsa daban ne. Dubban sabar ne, kowace da mai ita, suna musayar saƙo bisa ƙa'idar ActivityPub da hukumar W3C ta amince da ita a Janairun 2018. Shi ya sa za ka ga sabarka garau, ta abokinka garau, amma rubutunka bai isa gare shi ba.

Kafin ka taɓa komai, ka tabbatar da ciwon tukuna. Sabar ba ta fita ta kwaso tsofaffin rubuce-rubucen mutane. Abin da aka turo mata take samu, kuma yawanci sai wani nata yana bin marubucin ake turowa. Sabon mai sabar zai buɗe shafin wani sananne ya tarar wayam, ya ɗauka wani abu ya lalace, alhali haka tsarin yake. Kwafi adireshin rubutun ka liƙa a gurbin bincike. In ya fito, hanyar ɗaukowa tana aiki. Ka kuma leƙa jerin waɗanda aka toshe, naka da nasu, domin sau da yawa mutum ne ya rufe ƙofar da gangan, kuma wannan ba gyaran na'ura ba ne, sai sulhu.

Daga nan sai tambayar da ta fi kowace amfani: fita ce ta tsaya ko shiga? Buɗe asusu a wata sabar, ka sa asusun biyu su bi juna. Wanda ya tsaya yana jiran amincewa, can za ka fara tono.

Ga yadda saƙo yake tafiya. Sabarka tana fara tambayar wancan ɓangaren ta WebFinger: wane ne wane, ina akwatin saƙonsa? Sai ta sa hannu a kan saƙon da makullin sirri na mai rubutun ta jefa. Mai karɓa ba ta yarda haka kawai. Sai ta komo wurinka ta nemi makullin fili na mai rubutun ta gwada sa hannun, kamar direban tasha da ba zai miƙa kaya ba sai ya kira wanda ya aiko. A nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Saƙonka ne bai fita ba, amma laifin yana ƙofarka ta shiga. Wataƙila ka sa katangar tsaro irin ta Cloudflare, ta ɗauki sabar da ta zo neman makulli a matsayin mai kutse, ta tare ta da jarrabawar da ake yi wa ɗan Adam. Kai kuwa ka buɗe shafinka a waya yana aiki lafiya lau, sai ka rantse laifin nasu ne.

Lambobin da ke cikin kundin aikin sabar ba sa ƙarya. 401 yawanci sa hannu ne bai karɓu ba, 403 an hana ka, 429 ka cika ƙwanƙwasa ƙofa, 502 ko 503 kuwa can ne suka faɗi, sai haƙuri. Idan 401 ne, duba agogo, domin kwanan wata yana cikin abin da ake sa wa hannu, kuma Mastodon ba ya karɓar wanda ya haura awa 12. Duba takardar shaidar tsaro ma. Ta Let's Encrypt an saba ba da ita ta kwana 90. In wa'adinta ya ƙare, mutum kan tsallake gargaɗin ya wuce, sabar kuwa juyawa take yi ba sallama.

Wani lokacin saƙon bai ɓata ba, layi yake bi. Manhajar Sidekiq ke ɗawainiyar aikawa da karɓa, kuma shafinsa yana nuna ayyukan da ke jira da waɗanda suka faɗi. A Nuwamban 2022, bayan Elon Musk ya sayi Twitter mutane suka kwararo, layin ya yi tsawo har saƙo yana kaiwa bayan awanni. Maganin wannan ƙarin ma'aikatan Sidekiq ne. Amma in sabarka ta yi kwana 7 ba a samunta, sauran kan cire tsammani su daina aiko mata, sai sun sake jin ɗuriyarta ko mai kula da su ya sake kunna aikawar da hannu.

Ɓarnar da ta fi wuyar gyara ita ce mutum ya gaji ya goge komai, ya sake kafawa da sunan adireshi ɗaya. Makullai sababbi ne, sauran sabar kuwa tsofaffin suka adana, mabiya kuma sun tafi da rumbun da aka goge. In za ka sauya na'ura, ka tafi da rumbunka na PostgreSQL, a cikinsa makullan suke.