Fire Emblem: Shadow Dragon and the Blade of Light

Fire Emblem: Shadow Dragon and the Blade of Light wasan bidiyo ne na dabarun yaƙi wanda kamfanin Intelligent Systems ya ƙirƙira tare da haɗin gwiwar Nintendo. An fitar da shi a Japan ranar 20 ga Afrilu, 1990 a kan na'urar Famicom. Sunansa na asali da Japananci shi ne Ankoku Ryū to Hikari no Tsurugi, wato dodon duhu da takobin haske. Shi ne na farko a jerin wasannin Fire Emblem, kuma ana lissafa shi cikin wasannin da suka kafa salon haɗa yaƙi a kan taswira da labarin jarumai masu suna. Shouzou Kaga ne ya tsara wasan ya kuma rubuta labarinsa, Yuka Tsujiyoko ta tsara kiɗa, Gunpei Yokoi kuma shi ne furodusa. Abin da aka fi saninsa da shi doka ce guda: sojan da ya mutu a fagen fama ya tafi ke nan, ba ya dawowa a babi na gaba.

Asali

Kafin wannan wasa, Intelligent Systems ya yi aiki a kan Famicom Wars na 1988, inda ake tura tankoki da jirage marasa suna, in an rasa ɗaya a sayi wani. Kaga ya ɗauki wannan tsari na taswira mai gidaje, ya haɗa shi da salon wasannin labari irin su Dragon Quest, inda jarumi ke girma yana ƙara ƙarfi. Burinsa shi ne mai wasa ya damu da mutanen da yake turawa yaƙi. Ciniki bai yi kyau ba a makonnin farko, sai daga baya labarinsa ya bazu daga baki zuwa baki.

Labari

Labarin yana faruwa a nahiyar Archanea. Shekara ɗari kafin farkon wasan, dodo Medeus, sarkin daular Dolhr, ya mamaye nahiyar ya bautar da mutane, har wani saurayi mai suna Anri ya kashe shi da takobin Falchion, sannan aka kafa masarautar Altea. Daga baya wani matsafi, Gharnef, ya tayar da Medeus. Sarkin Altea, Cornelius, ya fita yaƙi ɗauke da Falchion, amma ƙasar Gra da ke ƙawance da shi ta ci amanarsa, aka kashe shi, takobin ya faɗa hannun abokan gaba. An kama 'yarsa Elice. Ɗansa, yarima Marth, ya tsere da wasu tsirarun barade zuwa tsibirin Talys.

A nan ake miƙa wa mai wasa linzami. Babi 25 ne tsakanin tsibirin Talys da fadar Medeus. A hanya gimbiya Nyna ta Archanea tana damƙa wa Marth tambarin da ake kira Fire Emblem, wanda daga gare shi jerin ya samo suna.

Mai karatu Bahaushe zai iya jin ƙamshin labarin Bayajidda a nan: yarima da ya bar gida, makamin da aka ƙera masa a Gaya, da macijin rijiyar Kusugu a Daura. Babu wata alaƙa ta tarihi tsakanin labaran biyu. Jigon jarumi mai kashe maciji ko dodo tsoho ne a al'adu da yawa, kuma masu tsara wasan sun ɗebo sunaye daga tatsuniyoyin Girka da na Turai.

Yadda ake buga wasan

Kowane babi taswira ce da aka yanka gida-gida. Ana wasa bi da bi: mai wasa ya motsa dukkan sojojinsa, kowa sau ɗaya, sannan kwamfuta ta motsa nata. Babi yana ƙarewa idan Marth ya hau ƙofar ganuwa ko karagar da shugaban abokan gaba ke tsaro. Idan Marth ya mutu, wasa ya ƙare.

Wanda ya san dara zai gane abin da ke cikin jiran zagaye da lissafin inda abokin karawa zai sa hannu. Bambancin shi ne 'ya'yan dara duk iri ɗaya ne, kowa na da goma sha biyu, ba a tambayar wanne aka ci. A Fire Emblem akwai mutane 52 da za su iya shiga runduna, kowa da sunansa da fuskarsa da aikinsa. Mahaya doki suna cin nisa a fili amma daji da tsauni na rage musu gudu. Masu sulke ba sa jin sara amma sihiri na kayar da su. Mahaya dawaki masu fukafukai suna tsallake kogi da dutse, amma kibiya guda na iya sauko da su. Maharba ba sa iya rama hari idan an matso kusa da su. Ɓarayi na buɗe ƙofa da akwati, masu sanda kuma na warkar da rauni. Makamai suna ƙarewa da amfani, don haka sai an riƙa saye a shago da kuɗin da bai cika yawa ba.

Soja na samun makin gogewa idan ya yi faɗa. Duk maki 100 yana hawa mataki ɗaya, har zuwa mataki na 20, kuma a kowane hawa sa'a ce ke yanke ko ƙarfinsa ko saurinsa ko kariyarsa za su ƙaru. Shi ya sa mutum biyu za su buga wasa ɗaya su ƙare da runduna daban. A sigar Famicom masu warkarwa ba sa samun maki don warkarwa, sai idan an kai musu hari sun tsira, tsarin da aka gyara a wasannin baya. Haka nan babu dokar nan ta takobi ya rinjayi gatari, gatari ya rinjayi mashi, mashi ya rinjayi takobi. Sai a 1996 ta shigo jerin, a Genealogy of the Holy War.

Daga babi na farko zuwa na ƙarshe

Babi na 1 yana koyar da darasin da sababbin 'yan wasa suka fi faɗawa tarkonsa. 'Yan fashin teku sun auka wa Talys, kuma cikin mutanen Marth akwai tsohon barde Jagen, riƙe da mashin azurfa, yana kayar da kowa cikin sauƙi. Sai dai Jagen kusan ba ya ƙara ƙarfi ko ya hau mataki. Duk makin da ya cinye an hana Cain da Abel da Caeda, matasan da za su ɗauki nauyin yaƙi nan gaba. Wanda ya jingina da shi yakan iske kansa a tsakiyar wasa da tsoho gajiyayye da yaran da ba su taɓa jin zafin fama ba. Har yau masoya jerin na kiran duk irin wannan soja da sunan Jagen. Masu buga wasan da sauri kuwa suna ganin an zalunci dattijon, domin in ba shi, babukan farko kan ja lokaci.

Abu na biyu shi ne ba kowane abokin gaba ake kashewa ba. Wasu na sauya sheƙa idan mutumin da ya dace ya yi musu magana. A babi na 3 Navarre, gwanin takobi, yana cikin 'yan fashin dutse, kuma gimbiya Caeda ce ke shawo kansa, alhali tana kan doki mai fukafukai a wurin da akwai maharba. A babi na 4 Lena ce ke janyo ɗan'uwanta Matthis. Gimbiya Minerva ta Macedon na fitowa a sahun abokan gaba a babi na 7, ba ta shiga runduna sai a babi na 10 bayan an ceto ƙanwarta Maria da ake garkuwa da ita. Idan wanda zai yi maganar ya riga ya mutu, an yi asara biyu. A babi na 16 akwai ƙauyuka biyu da ba sa ga maciji da juna, ɗaya na da Arran ɗaya na da Samson. Shiga ɗaya na rufe ƙofar ɗayan.

Akwai kuma wanda ba ya sauyawa. Camus, janar na ƙasar Grust, mutumin kirki ne da ya taɓa ceton Nyna, amma ya ƙi juya wa ƙasarsa baya, kuma a babi na 20 yana tsaye da mashin Gradivus. Wannan babi na cikin wuraren da rubutun wasan ya fi ƙarfi, duk da cewa maganar da aka ba shi ba ta wuce 'yan layuka ba.

Ƙarshen wasan sarƙa ce da ke iya tsinkewa a kowane zobe. Sihirin Gharnef, Imhullu, yana hana kowane makami taɓa shi, abin da mai wasa ke gani da idonsa a babi na 15. Maganinsa sihirin Starlight ne, kuma ba a samunsa sai an fito da duwatsu biyu masu daraja daga haikalin Raman a babi na 19, an kai wa dattijo Gotoh a babi na 22. Da Starlight ake kayar da Gharnef a Thabes a babi na 23, a karɓo Falchion. Wanda ya bari duwatsun suka kuɓuce masa zai isa gaban Medeus ba tare da takobin kakansa ba.

Dodanni

Kalmar dodo da aka yi amfani da ita a wannan maƙala ba ta zauna daram ba. Dodon tatsuniyar Hausa mai cin mutane ne, wani lokaci mazaunin ruwa, ba lallai mai fukafukai ko aman wuta ba, shi ya sa wasu marubuta ke rubuta diragon. A wasan iri biyu ne. Akwai dabbobi masu tashi da sojojin Macedon ke hawa kamar doki. Akwai kuma manakete, ƙabilar dodanni da ke rayuwa cikin siffar mutum, suna ɓoye ƙarfinsu cikin dutse, sai sun riƙe dutsen su rikiɗa. Biyu daga cikinsu na iya shiga rundunar Marth tun a sigar farko: tsoho Bantu na dodannin wuta, da yarinya Tiki ta dodannin sama, wadda Bantu ne kaɗai ke iya farkar da ita daga sihirin Gharnef a babi na 19. Sunan Bantu ba shi da alaƙa da dangin harsunan Bantu na Afirka; da Japananci Banutu ake furta shi.

Wasan 1994, Mystery of the Emblem, ya faɗaɗa tarihinsu. Dodanni sun fara haukacewa, sarkinsu Naga ya ba da shawarar su koma siffar mutum, kuma daga haƙorinsa aka ƙera Falchion. Medeus ya yarda ya zama manakete, amma wulaƙancin da mutane suka yi wa ƙabilarsa ya sa ya juya musu baya. Wannan bayani ya mayar da shi daga mugu kawai zuwa wanda ke da ƙorafi na gaskiya.

Mutuwar dindindin

Ana adana ci gaba ne a ƙarshen babi. Idan wani ya mutu bayan an shafe awa guda ana gwabzawa, zaɓi biyu ne: a ci gaba ba tare da shi ba, ko a kashe na'ura a sake babin daga farko. 'Yan wasa da yawa na sakewa, amma yawan sojojin da wasan ke bayarwa har zuwa babukan ƙarshe na nuna an tsara shi ne don a jure asara. Sanda ɗaya tak, Aum, ke dawo da mamaci, mutum ɗaya, a babi na 24, kuma Elice ce ke riƙe ta. A ƙarshe wasan na faɗin abin da ya faru da kowane soja bayan yaƙi, kuma rufewar labarin Marth na sauyawa idan Caeda ba ta kai ƙarshe ba.

Sigogin baya

Kashin farko na Mystery of the Emblem, wanda ya fito a kan Super Famicom ranar 21 ga Janairu, 1994, maimaicin wannan labari ne da aka taƙaita zuwa babi 20. 'Yan wasa a wajen Japan sun fara sanin Marth ne a Super Smash Bros. Melee na 2001, kafin wani Fire Emblem ya fito da Turanci a 2003. An sake gina wasan a kan Nintendo DS da sunan Shadow Dragon: Japan da Turai a 2008, Amurka a 2009. Wannan siga ta ƙara wasu babuka da ba sa buɗewa sai runduna ta ragu zuwa mutum 15 ko ƙasa da haka, matakin da ya jawo muhawara domin yana saka wa mai asara. Fassarorin biyu ma sun saɓa: Caeda da Archanea da Dolhr na Amurka su ne Shiida da Akaneia da Doluna a Turai. Sai a 2010, a New Mystery of the Emblem, aka kawo zaɓin da sojan da ya faɗi ke dawowa a babi na gaba.

Sigar Famicom ta asali ba ta samu fassarar hukuma ba sai ranar 4 ga Disamba, 2020, a kan Nintendo Switch, don cika shekara 30, kuma an daina sayar da ita a ƙarshen Maris 2021.

A Najeriya

Wasan bai yi suna a Najeriya kamar ƙwallon ƙafa ko Mortal Kombat ba. Shekara talatin yana cikin Japananci, kuma tsarin shagunan gem, irin na unguwannin Kaduna kamar Abakpa da Kawo, na biyan kuɗi ne a kan kowace karawa ta 'yan mintoci tsakanin mutum biyu. Wasan mutum ɗaya da babinsa kan kai awa guda, wanda ke buƙatar ajiyar da ba wanda zai goge, bai dace da layin masu jira ba, balle inda ake iya ɗauke wuta a tsakiyar babi. Wayar hannu da manhajojin kwaikwayon tsofaffin na'urori sun rage wannan cikas, domin suna ba da damar adanawa a kowane zagaye, abin da kuma ke rage nauyin dokar mutuwa da aka gina wasan a kanta.