Ina Google Ke Samun Kuɗi? Abubuwan Mamaki 8

Daga bakin tabkin Madarunfa har kan iyaka a Ɗan Isa, duk mai riƙe da Tecno ko Itel yana shiga Google ba tare da ya biya ko dala ba. Kuɗin data kuwa aljihun Airtel, Moov ko Zamani suke faɗawa. To, banza ba ta kai zomo kasuwa. Ga inda ribar take.

1. Talla ce uwar riba. A 2023 Alphabet, kamfanin da ya mallaki Google, ya samu dala biliyan 307, wato kusan dala 10,000 a kowane sakan. Wajen biliyan 238 daga talla suka fito, fiye da kashi uku cikin huɗu ke nan.

2. Masu kamfanin sun taɓa kushe tallar. A 1998 Larry Page da Sergey Brin, suna ɗalibai a jami'ar Stanford, sun rubuta cewa manhajar bincike da ta dogara da talla za ta karkata ga masu talla. Amma a Oktoban 2000 suka buɗe tsarin tallarsu, AdWords, da masu talla 350.

3. Kowane bincike ciniki ne. Ka rubuta "takin zamani" ko "injin ban ruwa", kafin ka ƙifta ido an yi gwanjo tsakanin masu son ka ga hajarsu. Aikin Google irin na dillalin kasuwar dabbobi ne: ba shi da sa, ba shi da rago, haɗa mai saye da mai sayarwa kawai yake yi ya karɓi la'ada. Galibi sai ka latsa tallar sannan mai ita zai biya.

4. Mafi tsoka a tayi ba lallai ya ci ba. Ana auna kuɗin da mutum ya taya tare da dacewar tallarsa da abin da aka nema. Mai ƙaramin tayi da talla mai ma'ana kan iya shiga gaban attajiri. Wanda ya ci ma ba duka tayinsa yake biya ba, sai daidai abin da zai ɗara na ƙasa da shi.

5. An taɓa raina hajar. A 1999 an yi wa kamfanin Excite tayin sayen Google a kan ƙasa da dala miliyan ɗaya, ya ce ba ya so.

6. YouTube ya mayar da uwar kuɗi ninkin-ba-ninkin. Dala biliyan 1.65 aka saye shi a 2006. A 2023 kaɗai tallarsa ta kawo biliyan 31.5. Tallar nan da ke tsinke maka wa'azi ko fim ɗin Kano, kashi 55 cikin 100 na kuɗinta na mai tashar ne, saura na Google.

7. Kyautar Android da dalili. Google ya saye ta a 2005, yana kuma bai wa masu ƙera waya ita kyauta, don wayar ta iso hannunka da bincikensa da YouTube a ciki. Haka sanya Hausa a Google Translate a 2013, da sauke kebul ɗin intanet na ƙarƙashin teku mai suna Equiano a Lome da Legas a 2022: yawan masu hawa intanet, yawan idon da zai ga talla.

8. Shi ma yana biyan kuɗin rumfa. A 2022 Google ya ba Apple dala biliyan 20 don ya zama zaɓin farko na bincike a iPhone. Adadin ya haura darajar duk abin da tattalin arzikin Nijar ya samar a shekarar. Irin wannan yarjejeniya ce ta sa alƙali Amit Mehta na Amurka ya yanke hukunci a Agustan 2024 cewa kamfanin ya yi babakere ba bisa ƙa'ida ba.