Kafin Ka Yarda da Jimillar da Kwamfuta Ta Ba Ka

Daga ƙungiyoyin manoman albasa na kwarin Tarka a Madawa har zuwa asibitocin karkara na Buza da Keita, lissafin da ake yi a littafi yana ta komawa cikin Excel da KoboToolbox. Sai dai akwai tarkon da masu shigar da bayanai da yawa ba su lura da shi ba: abin da idonka ya ɗauka lamba ne, kwamfuta tana iya ɗaukarsa rubutu kawai.

Idan magatakardan ƙungiya ya rubuta “buhu 40” a gurbi ɗaya, ko ya danna harafin O a maimakon sifili, Excel ba za ta ce uffan ba. Umarnin tarawa na SOMME zai tsallake gurbin ya fito da jimilla. A kanta za a raba kuɗi, wani manomi ya kwana da asara.

Sai batun waƙafi. A Nijar biyu da rabi 2,5 ake rubutawa, a Najeriya kuwa 2.5. Idan abokin ciniki daga Illela ta Najeriya ya turo farashi 1,500 yana nufin dubu da ɗari biyar, kwamfutar da aka saita da Faransanci ɗaya da rabi za ta karanta. Masu rubuta manhaja ma su kula: a JavaScript, parseFloat zai karɓi 2,5 ya mayar da 2 shiru, a Python kuma isdigit ba ya amincewa da -5 ko 2.5, alhali lambobi ne.

Binciken ba shi da wuya. Idan ba a taɓa tsarin shafin ba, lamba tana jingina da gefen dama na gurbi, rubutu kuma da hagu. Umarnin ESTNUM zai ce VRAI idan lamba ce, FAUX idan rubutu ne. Ka kuma gwada NB da NBVAL a jeri ɗaya: na farko lambobi kaɗai yake ƙirgawa, na biyu duk gurbin da aka cike. In sun saɓa, akwai gyara.

Lambar waya kuwa a bar ta a matsayin rubutu, tunda ba tara ta za a yi ba. Ta Najeriya da sifili take farawa, Excel kuma share shi take yi.

Wani kuskuren kuma babu manhajar da za ta kama shi. Mai talla ta ce “dala ashirin”, mai tambaya ya rubuta 20, alhali sefa 100 take nufi. Don haka a rubuta a saman kowane jeri ko da sefa ake ƙirga, ko da buhu, ko da tiya, a bar gurbin ga lamba zalla. Shugabannin ƙungiyoyi, kada ku sa hannu a kan jimilla sai an yi wannan binciken a gabanku.