Me Ya Sa Fentin Kicin Ba Ya Daɗewa A Gwarzo Da Kabo?

Da zarar amfanin gona ya shigo gida, bukukuwan aure suka kankama, kafintoci da masu fenti a Gwarzo, Getso, Kabo da Garo ba sa samun zama. Wannan na son a sabunta masa kabad, wancan ƙofar madafa da tagoginta. Sai dai yawancin aikin ba ya ganin damina biyu, fentin ya kumbura ya fara ɓarewa. Akan ɗora laifin a kan fentin da aka sayo daga Ƙofar Ruwa a Kano, alhali sau da yawa matsalar tana ƙarƙashinsa: ko dai an tsallake firaima, ko an shafa wadda ba ta dace ba.

Katakon kicin wahalarsa daban ce. Tururin tukunya na jiƙa shi, maiƙon man gyaɗa da manja na manne masa, kunkunniyar hayaƙin itace na shiga ƙofofinsa. Ga yanayinmu kuma: katako ya kumbura da damina, ya tsuke da hunturu. Aikin firaima shi ne toshe waɗannan ƙofofi, da samar wa fenti wurin kamawa. Amma ita ma ba ta kama maiƙo. Don haka wanki ne farko, da omo da ruwan ɗumi. In ya bushe sarai a goge da samfefa mai lamba 120, a bi da 180, a share garin.

Zaɓin firaima kuwa katakon ne ke yanke shi. Farin katako irin su obece da malaina yana shan ruwa, kuma firaimar ruwa ko ta mai duk suna yi masa. Maɗaci da loko suna fitar da wani jan ruwa da ke ɓullowa ta cikin farin fenti, sai firaimar mai ke danne shi. Haka ma tabon hayaƙi. Allon MDF da ake kabad ɗin amare da shi, bakinsa na kumbura in ya sha ruwa, shi ma ta mai yake so. Dabarar da wasu ke yi ta shimfiɗa fentin bango a madadin firaima, ko tsinka ta da fetur don ta yi auki, arha ce da ba ta ado.

A shafa siriri, a bi tsawon katakon, kada a manta da gefuna da ƙasan ƙofa inda ruwan wanke-wanke ke taruwa. Ta ruwa kan bushe cikin 'yan sa'o'i, ta mai kuwa sai ta kwana. Da hunturu a rufe tagar da ke fuskantar iska, domin ƙura na maƙalewa a ɗanyen shafi.

Akwai kuma batun lafiya. Tsohon fentin mai na iya ƙunsar dalma, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar tana lahanta ƙwaƙwalwar yara. A fitar da abinci da kwanuka, a nisantar da yara da masu ciki, a jiƙa tsohon fentin kafin a goge shi.

Lita guda ta firaima kan rufe wajen murabba'in mita 10, abin da zai ishi ƙofa da kabad matsakaici. Kafin maigida ya yi jinga da mai fenti, ya tambaye shi wace firaima zai sa, kuma kwana nawa aikin zai ɗauka. Wanda ya ce yini guda ya isa, akwai abin da zai tsallake.